Wasiƙa daga Amurka: Me ya sa ba a kama masu zagin baƙar fata?

Assalamu alaikum 'yan uwana mutanen Kano. Gaisuwar a gurguje ce yau, don tambaya ɗaya kuke ta aiko mini: wai da gaske ne a nan mutum zai fito titi ya zagi baƙar fata ko Musulmi, ɗan sanda na tsaye? Da gaske ne. Sau da yawa ma lafiyar mai zagin ɗan sandan ya zo tsarewa.

Tushen abin shi ne gyaran farko da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791, wanda ya hana gwamnati tauye magana. Amma a shari'ar Brandenburg ta 1969 aka shata iyaka. Shi Brandenburg ɗin jagora ne a Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙaƙe, a jihar Ohayo, ya tara mutanensa a gona, suka ƙona gicciye, aka yi ta aibata baƙaƙe da Yahudawa a gaban kyamarar talabijin. Aka ci shi tarar dala 1,000 da ɗaurin shekara 1 zuwa 10. Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, ta ce sai abu biyu sun haɗu: an yi maganar da nufin tunzura mutane su karya doka nan take, kuma da alamar za su karya ɗin. Wannan "nan take" ita ke kayar da masu gabatar da ƙara. Wanda ya ce wata rana sai an kori ƙabila kaza, ya sha. Wanda ya nuna wa fusatattun mutane shago ya ce su cinna masa wuta yanzu, ya shiga hannu. Haka mai yi wa wani barazanar kisa.

Ga inda 'yan gida ke yin kuskure: hannun gwamnati kawai dokar ta ɗaure. Kamfani zai iya korar ma'aikacinsa kan rubutu ɗaya, Facebook ya rufe shafinsa, ba inda zai kai kuka. Mai neman shigowa kuwa, tun 2019 fom ɗin biza na DS-160 ke tambayar sunayen shafukan sada zumuntar da ya yi amfani da su cikin shekara 5, kuma jami'in biza ba ya buƙatar alƙali kafin ya ce a'a. Ƙanena da ke Jami'ar Bayero kana shirin ƙaro karatu, zagin ƙabilancin da ka rubuta da zafin kai lokacin zaɓe yana nan, sai a koma a duba.

Na yi alkawarin bayanin Turai. A taƙaice can ba wasa: a Jamus musanta kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa na iya jawo ɗaurin shekara 5. Batun sanyi da kuɗin haya kuma sai wasiƙa ta gaba, in Allah ya kai mu.