Kasuwar ta wa?

Jiya da yamma na hau Adaidaita daga Kantin Kwari zan koma gida, direban wani dattijo ne mai furfura, muna tsaye a danja ya fara ba ni labarin balas. Wai kullum sai ya ware kuɗin mai keken, ya sha mai, abin da ya rage shi ne na cefane, wata ranar ma ba ya ragewa. Na ce Baba ai an ce yanzu kasuwa ce ke yanke farashi. Ya yi dariya ya ce, yaro, kasuwar ta wa?

Wallahi maganar ta tsaya min a rai. Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kafin sati ya zagayo lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, magana ɗaya fa daga bakin ɗan siyasa, amma mafi ƙarancin albashi sai da aka yi ta kai ruwa rana da 'yan ƙwadago har Yulin 2024 kafin ya kai dubu 70, shi ma Baba ba ya ciki tunda ba albashi yake ɗauka ba. Ni ba na gaba da mai kuɗi, kowa ya nemi halak ɗinsa, amma na daina cewa siyasa ba ruwana.

Da na sauka na bar masa canjin, ya ce Allah ya yi albarka, ya ja ya tafi neman fasinja.