Abin da na fita da shi daga kwas ɗin sauraro

Tunda takardar kammalawa ta shiga hannu, yanzu bakina ya buɗe. 'Yan sashen kiɗa kun san yadda kwas ɗin sauraro yake: malami ya saki kiɗan fiyano na 'yan daƙiƙu, ya kashe, ka rubuta sunan kiɗan da na wanda ya tsara shi. Abin da yawancinku ba ku sani ba shi ne dalilin da ya sa na maimaita shi.

A gwajin tsakiyar zango malam ya saka mana Minuet ɗin nan na G, wani ɗan gajeren kiɗan rawa, wanda duk ɗan koyo yake fara lalube a kansa. Aji duka suka rubuta Bach, ni na rubuta Christian Petzold. Kiɗan yana cikin littafin da Bach ya buɗe wa matarsa Anna Magdalena a 1725. Littafin gida ne, suna kwafe kiɗe-kiɗen mutane daban-daban a ciki, shi ya sa aka daɗe ana jingina masa. Tun shekarun 1970 bincike a Jamus ya nuna na Petzold ne, wani makaɗin coci a birnin Dresden. Malam ya bi amsata da jan biro. Na same shi a ofis da littafin da na aro a laburare, na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a duba nan?" Ko hannu bai miƙo ba. Ya ce tun ban zo duniya ba yake koyar da wannan kiɗan. Maki ɗaya ba ya kayar da ɗalibi, zuwa ofis ɗin ne ya kayar da ni. Da sakamako ya fito, sai aka ce ba a ga takardar gwajina ba. Don haka ƙannena, in ya saka muku shi, ku rubuta Bach ku wuce.

A zagaye na biyu na watsar da haddar da ya ɗora mu a kai, wato riƙe farkon kowane kiɗa. Ai Bahaushe da jin kalangu ya san Shata na tafe, da jin kuntigi ya san Ɗan Maraya ne, tun baki bai buɗe ba. A fiyano hannun hagu ne yake tona asiri. Na Mozart sau da yawa kai-da-kawowa yake cikin tsari, ƙasa, sama, tsakiya, sama, kamar a farkon sonatarsa ta C mai lamba 545. Chopin, a kiɗe-kiɗensa na dare, hagu yana tsalle mai faɗi, dama tana rerawa tana jan lokaci yadda ta ga dama. Wurin Bach babu ubangida babu bara, kowane hannu da zancensa, ɗaya ya faɗa ɗaya ya maimaita. Debussy kuwa amo ne yake narkewa cikin amo. Clair de lune, da aka buga a 1905, ta isa misali.

Hanyar ba ta rasa tarko. John Field, mutumin Ailan, ya riga Chopin tsara kiɗan dare, kuma kunnen gaggawa yakan haɗa su. Haydn da Mozart ma sai an natsu.

Ku saurari Für Elise ta Beethoven har ƙarshe, domin daga tsakiyarta malam yake ɗauko tambaya, inda mutane suke rantsuwa ba ita ba ce. Shekararta ta bugawa 1867 ce, shekara 40 bayan rasuwar Beethoven, malam yana son tambayar wannan ma. Manhajar waya mai gano kiɗa ba ta shiga zauren jarrabawa. Kuma duk takardar gwajin da za ku miƙa, ku sa hannu a rajista a gaban wakilin aji.