Aikin shirya maƙalar kimiyya a shagonmu na Samaru

Shagona yana Samaru, Zariya, ba nisa da ƙofar jami'a. Mai wucewa zai ɗauka irin sauran shagunan layin ne, na buga takardu da fotokwafi da ɗaure kundin ɗalibai, kuma da hakan muka fara. Yanzu kuwa abin da ya fi cin lokacinmu, ya kuma riƙe shagon, shi ne shirya maƙalun bincike kafin a tura su mujallun kimiyya. Garin ne ya jawo haka. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962, ga asibitin koyarwa a Shika. Malamin da ke neman ƙarin girma dole ya nuna abin da ya wallafa, ɗalibin digiri na uku ma akan so ya fitar da maƙala daga kundinsa. Mutum ya yi shekara biyu a gona ko a ɗakin gwaji, sakamako ya fito da kyau, sai edita ya dawo masa da takardar ba tare da ya miƙa ta ga masu bita, wato masanan da ke tantance maƙala kafin a wallafa, ba, don kawai ba a bi tsarin mujallar ba. Wannan yana ƙona mini rai, kuma shi ya sa na tsaya a kan aikin.

Nakan gaya wa yarana cewa mu teloli ne. Yadi na mai shi ne, shi ya saƙa abinsa, namu shi ne mu yanka mu ɗinka daidai da awon da mujalla ta bayar.

Don haka in an miƙo mini filashi, tambayar farko ita ce, "Dakta, wace mujalla za a tura?" Da yawa sukan ce in dai gyara kawai, daga baya sa zaɓa. Ba na karɓar aiki a haka, domin kowace mujalla da nata ƙa'idojin marubuta, kuma ba sa jituwa. Wata tana son tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙala, dunƙule guda, kada ya wuce kalma 250, wata tana son a kasa shi da kanun manufa da hanya da sakamako da kammalawa. Wata ta ce a bar tazara biyu tsakanin layuka a sa wa kowane layi lamba, don mai bita ya iya cewa "duba layi na 143". Mujallun kamfanin wallafa na Elsevier da dama suna neman gajerun jimloli uku zuwa biyar na muhimman abubuwan da aka gano, kowace kada ta haura harafi 85 har da tazara. Nakan buga ƙa'idojin a takarda in bi su da biro, sannan in sauko da maƙala biyu da mujallar ta wallafa kwanan nan, domin abin da suke yi a aikace yakan fayyace abin da ƙa'idar ta bari a dunƙule.

Ƙashin bayan maƙalar kimiyya sananne ne: gabatarwa, kayan aiki da hanyoyin bincike, sakamako, sharhi. A nan ba ni da aiki sosai, sai dai in na ga sharhi ya kutsa cikin sakamako in yi wa mai shi alama. Wahalar tana ga wanda ya kawo babi biyar na kundi yana son su koma kalma dubu biyar. Ba ni ke zaɓar abin da za a zubar ba. Muna zama tare, in nuna masa inda aka maimaita magana, shi ya yanke.

Manazarta, wato jerin littattafai da maƙalun da marubuci ya dogara da su, ita ce inda kwana yake. Rabin kuɗin da nake caji na wannan ɓangaren ne, kuma na cancanci hakan. Mujallun likitanci galibi suna bin tsarin Vancouver, wanda ya samo sunansa daga taron da wasu editocin mujallun lafiya suka yi a birnin Vancouver na Kanada a 1978. A cikinsa lamba ake sa wa kowace madogara bisa jerin fitowarta a rubutu, kuma a taƙaice ake rubuta sunan mujalla. To, in mai maƙala ya ƙara madogara ɗaya a gabatarwa, duk lambobin da ke bayanta sun gusa. Wanda ya jera su da hannu zai gyara hamsin, ya manta uku, sai ka ga lamba 27 da ya kamata ta kai ka ga bincike kan zazzaɓin cizon sauro ta kai ka ga hawan jini. Mutanen ilimi da kimiyyar zamantakewa kuma tsarin APA suke bi, wanda ake ambaton sunan marubuci da shekara maimakon lamba. Bugu na bakwai na littafin ƙa'idojinsa da ya fito a ƙarshen 2019 ya sauya abubuwa: an daina rubuta garin da aka buga littafi, ana jera marubuta har 20 a manazarta, kuma in sun kai uku, tun ambaton farko a cikin rubutu ake taƙaita su. Har gobe ana kawo mini takardun da aka gauraya bugu na shida da na bakwai.

Shi ya sa ba ma jera manazarta da hannu. Muna shigar da su Zotero ko Mendeley, manhajar ta riƙa sauya tsari in an sauya mujalla. Amma manhaja abin da ka ba ta take mayar maka. Kowace madogara sai an ɗauki lambarta ta DOI, wato lambar shaidar da ake ba maƙala a intanet, an liƙa a shafin Crossref mai rajistar irin waɗannan lambobi, an ga ko ta buɗe takardar da aka ce. Sannan a bi ta fuska biyu: duk wanda aka ambata a ciki yana cikin jeri, duk wanda ke jeri an ambace shi a ciki. A 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo. Sai ka ga madogara tsaf, da sunayen marubuta da shekara da shafi, ka nema sama da ƙasa babu ita a duniya, domin manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta ƙaga ta. In na ci karo da irinta nakan kira mai aikin in ce, "Ranka ya daɗe, wannan ban same ta ba, ko kana da kwafinta?" In babu, fita za ta yi, tare da jimlar da ta jingina da ita in ba a samo mata madogara ta gaskiya ba.

Akwai wani ƙaramin abu da nake koya wa duk yaron da ya fara aiki a wurina tun makon farko. A tsofaffin takardun Word, alamar µ sau da yawa harafin m ce da aka sa wa nau'in rubutu na Symbol. Yaro ya zaɓi takarda gaba ɗaya ya mayar da ita Times New Roman don ta yi bai ɗaya, nan take µg (maikrogiram) ta koma mg (miligiram). Ido ba zai ga komai ba, amma ma'aunin ya ninka sau dubu, kuma in maganar magani ake yi, wannan ba wasa ba ne. Haka ≤ da α sukan rikiɗe. Dokar shagon ita ce kafin a taɓa nau'in rubutu a nemo waɗannan alamomin ɗaya bayan ɗaya, bayan an gama a sake gwada su da asalin takardar. Sunayen halittu ma da ladabinsu: wake Vigna unguiculata ne, dawa Sorghum bicolor, a karkataccen rubutu, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami, bayan ambaton farko kuma a taƙaita zuwa V. unguiculata. A gari irin namu da ake binciken wake da dawa da masara, ba ranar da wannan ba ya zuwa teburina.

Hotuna kuma, yawancin mujallu suna son a turo su daban, ba manne a cikin rubutu ba, hoton kyamara aƙalla dpi 300 (ma'aunin kaifin hoto ne), zanen layi wasu har dpi 1000 suke nema. Hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, ba dabarar da za ta dawo da abin da ya zube, don haka nakan roƙi asalinsa daga kyamara ko daga kwamfutar ɗakin gwaji. Jadawali a gina shi da kayan jadawali na Word, ba hotonsa ba, kuma ba da buga tazara ba.

In mujalla tana ɓoye sunan marubuci daga masu bita, cire suna daga shafin farko bai isa ba. Sunan yana nan a bayanan fayil, yana cikin godiya, yana cikin gyare-gyaren da aka bari a gefe, wani lokacin ma a jimla irin "a bincikenmu na baya". Shafin da ke ɗauke da taken maƙala da sunayen marubuta ya tafi shi kaɗai, da adireshin kowa da lambar shaidar mai bincike ta ORCID mai alƙaluma 16, wadda aka fara bayarwa a 2012. Ga mu da sunaye masu kama da juna, Musa Ibrahim nawa ne a jami'o'in Arewa, wannan lambar ta fi yi mana amfani fiye da kowa.

Sai inda iyakata take. Ba na taɓa alƙaluma. An taɓa zuwa mini daga wata jiha da jadawalin da bai nuna bambancin da ake fata ba, aka ce in ɗan daidaita shi, za a ƙara mini kuɗi. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, wannan ba aikina ba ne. Sakamakon da bai nuna bambanci ba shi ma sakamako ne, akwai mujallun da ke karɓarsa." In na ga kaso ba su taru sun ba da ɗari ba, ko adadin da ke tsakure ya saɓa da na jadawali, alama nake sawa in mayar wa mai shi ya duba littafin aikinsa. Haka batun lambar amincewar kwamitin ɗa'a: binciken da ya shafi mutane sai da ita, kuma kafin a fara bincike ake samunta, ba ranar turawa ba. Haka sunayen marubuta. Ƙa'idar ICMJE, ƙungiyar editocin da ta tsiro daga wancan taro na Vancouver, sharuɗɗa huɗu ta gindaya: mutum ya ba da gudummawa ta gaske, ya sa hannu a rubutu ko bitarsa, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda ya ɗauki alhakin aikin. Ba ni da hurumin hana kowa sa sunan maigidansa, amma nakan buga sharuɗɗan in ajiye a gabansa. Masu neman in rage musu makin Turnitin, manhajar da ke auna kamancen rubutu da na wasu, ta hanyar musanya kalmomi kuwa, nakan buɗe rahoton mu duba tare. Wani kamancen na manazarta ne da sunayen sinadarai, ba laifi a ciki. Wanda yake kwafe ne kai tsaye, mai shi zai koma ya rubuta da fahimtarsa, ya faɗi inda ya samo.

Abin da ya fi sa ni tausayi shi ne mujallun bogi. Saƙo zai shigo imel ɗin ƙaramin malami da yabo, a ce za a wallafa masa cikin kwana uku in ya biya dala kaza. Ya ci bashi ya biya, ranar tantancewa kwamiti ya ce ba ya ƙirga wannan mujallar, aikin kuma ya tafi, tunda ba a wallafa abu sau biyu. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tara sunayen irinsu har ya rufe jerin a Janairun 2017, kuma ko lokacin jerin bai kama kowa ba. Ni abin da nake yi shi ne in nemi mujallar a DOAJ, shafin da ke jera tantattun mujallun da ake karantawa kyauta, in duba jerin tantattun mujallu na Scopus da kaina in sun ce suna ciki, domin tambari a shafi kowa na iya liƙawa. In ta Afirka ce in leƙa AJOL, wadda ke tattara mujallun nahiyar tun 1998. Akwai ma masu satar sunan mujalla ta gaskiya su buɗe shafi mai kama da nata, don haka adireshin ma sai an tabbatar. Biyan kuɗin wallafa shi kaɗai ba alamar zamba ba ne, manyan mujallu ma suna karɓa, kuma da yawa suna yin rangwame ga masu bincike daga ƙasashe irin tamu, amma lokacin turawa ake nema, ba bayan an karɓi maƙala ba. Kuma ina ganin mutanenmu suna raina mujallun gida fiye da kima. Binciken da manomin Giwa ko likitan Funtuwa zai amfana da shi, mujallar gida mai bita ta gaskiya ta fi masa wata ta waje da ba wanda ya san inda ofishinta yake.

Ranar turawa mai maƙala yakan zauna kusa da ni, da imel ɗinsa da kalmar sirrinsa ake shiga manhajar da mujalla ke karɓar maƙala da ita, ko Editorial Manager ne ko ScholarOne ko OJS da yawancin mujallunmu ke amfani da shi. Na sa sola a shagon saboda wannan ranar, don kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗora fayil. Manhajar takan haɗa komai ta fitar da PDF, sai mun karanta shi daga farko har ƙarshe kafin a danna amincewa. Maƙala ɗaya, mujalla ɗaya a lokaci guda, wannan ma nakan faɗa a fili.

Bayan watanni takan dawo da sharhin masu bita, mai ita ya shigo ransa a ɓace. Nakan ce, "Hajiya, gyara suka nema, ba kora ba ce." Mukan buɗe jadawali mai gida uku: abin da mai bita ya ce, amsar marubuci, da shafi da layin da aka gyara. Ba a tsallake ko ɗaya, inda ba a yarda ba a kawo hujja cikin ladabi. In an karɓa, kwafin dubawa na ƙarshe yakan zo da wa'adin kwana biyu ko uku, kuma ba na cajin kowa a kansa. A nan muke sake bin sunayen marubuta harafi-harafi, da alƙaluman jadawali, da alamar µ, domin da zarar an ba maƙala lambar DOI ta fita, gyara sai da takardar sanarwa daban wadda za ta bi ta duk inda aka karanta ta.