Zama a Białystok: Turawan ma suna da 'yan sarauta da talakawansu

Da na zo Poland karatu na sauka a Białystok ne, can gabas kusa da iyakar Belarus, sanyi kam ba a magana wlh, ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba gari ya riga ya yi duhu. Amma abin da ya fi ɗaukar min lokaci kafin in gane shi ne mutanen kansu, don mu a gida kowa Bature ne kawai, nan kuwa kowa ya san asalin kowa.

Matar da nake haya a gidanta tsohuwa ce, Pani nake ce mata kamar yadda ake kiran duk mace babba a nan. A falonta akwai wani tambari a firam, garkuwa da takalmin doki, ta ce wai na gidansu ne, su szlachta ne, 'yan sarautar Poland ke nan. Ni da na ji sarauta sai na ɗauka masu fada ne da dawakai, ashe kakanta da hannunsa yake noma ɗan gonarsa. A wannan yankin na Podlasie ƙauye guda za ka tarar duk 'yan sarauta ne amma talauci ya yi musu katutu, takobi da suna kawai suke da shi. Masu kuɗin irin su Branicki ne, fadarsu na nan tsakiyar gari, yanzu jami'ar koyon likitanci ce a ciki.

Su dai szlachta ɗin nan su ke zaɓen sarki tun 1573, kuma a majalisa mutum ɗaya zai iya miƙewa ya ce bai yarda ba komai ya rushe, toh ina ƙasa za ta zauna haka? Rasha da Purushiya (wata tsohuwar masarautar Jamusawa) da Ostiriya suka yi ta yankarta daga 1772 har 1795 ta ɓace a taswira, sai 1918 ta dawo. Tsarin mulkin 1921 ya soke gatan sarautar, amma alfaharin bai tafi ba fa. Kuma abin dariya yawancin 'yan ƙasar jikokin manoma ne da aka yi ta sa su aikin dole a gonakin iyayengiji, amma ba kasafai za ka ji mai cewa haka ba.

A wajen aikin da nake yi na ɗaure kaya da daddare akwai 'yan Yukren da 'yan Belarus da yawa, musamman tun yaƙin Rasha da Yukren na 2022. Da su da 'yan Poland duk Silabawa ne, wato ƙabilu masu tushe ɗaya, harsunan sun yi kama har suna ɗan fahimtar juna, amma 'yan Poland Katolika ne masu rubutun Latin, waɗancan yawanci Otodoks ne masu rubutu irin na Rasha. Wani abokin aikina ɗan Yukren da na ba shi labarin tambarin Pani sai ya taɓe baki ya ce ai kakanninsa su ne masu yi wa irin waɗannan noma. Maganar Wołyń ta 1943 kuwa, yankin da mayaƙan 'yan kishin Yukren suka yi wa 'yan Poland kisan kiyashi, kar ma ka taɓo ta a teburin cin abinci.

Inda na fi samun sauƙi Kruszyniany ne, ƙauyen Musulmi 'yan ƙabilar Tatar da sarkin Poland Sobieski ya ba su fili a 1679 saboda sun yi masa soja. Masallacinsu na katako ne fentin kore, ƙarami, daga waje sai ka ce coci. Motar zuwa can ce dai matsala, in ba ka da abokin da ke da mota sai ka shirya tun da sassafe.