Ranar da tasharmu ta samu sabarta

Asabar, cikin Sha'aban, Kano.

Tun bayan sallar Asuba ban koma barci ba. Na ɗauko takarda da biro na zauna lissafi, domin na ɗaura niyyar yau ɗin nan za a kammala maganar saba, wato kwamfutar da za ta riƙa rarraba sautin rediyonmu na intanet ga masu sauraro. Azumi ya ƙarato, kuma ba na son abin da ya same mu bara ya sake faruwa. Bara haya muke yi a wurin wani kamfani da ke tara tashoshi da yawa a kan na'ura ɗaya, ya yanka wa kowace tasha iyakar masu sauraro. Tamu iyakar mutum ɗari ce. A sauran watanni ba ma kaiwa can, amma da aka fara tafsiri, kafin Malam ya gama addu'ar buɗewa gurbi ya cika, duk wanda ya zo daga baya shiru zai tarar. Saƙonnin da suka riƙa shigowa ta WhatsApp daga Maraɗi da Kumasi da Jidda har yanzu suna ci mini rai. Mutum ya sayi data da guminsa, ya zauna zai ji karatun malamin garinsu daga nesa, a ce masa babu wuri.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne rediyon intanet ba ɗaya yake da na FM ba. Tashar FM sau ɗaya take sakin sauti a iska, ko mutum goma ne suka kama ko miliyan, kuɗin wutarta bai canza ba. Ta intanet kuwa aikin mai shayi ne, kowa ya zo sai an zuba masa nasa kofin. Mai sauraro dubu, sauti dubu ke fita daga saba a lokaci guda. Don haka abin dubawa na farko ba ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba ne, faɗin layin da sabar ke ɗauke da shi ne, da yawan datar da aka yarda ta fitar a wata.

Ga yadda lissafin ya fito. Sauti mai nauyin kilobit 64 a daƙiƙa, in mutum dubu suna ji tare, megabit 64 ke nan a daƙiƙa, bai kai kashi ɗaya cikin goma na layin gigabit ɗaya ba. Wannan ya kwantar mini da hankali. Amma lissafin da ya fi tsaya mini a rai na aljihun mai sauraro ne. Yawancin tashoshi suna watsawa a 128 saboda haka suka ga ana yi. Wannan yana cinye wa mutum kusan megabait 58 a awa ɗaya. In ya ji tafsirin awa biyu kullum har watan ya ƙare, ya kusa gigabait uku da rabi. A 32 kuwa, megabait 14 da 'yan kai ne a awa, wata guda cur bai kai gigabait ɗaya ba. Ɗan acaɓa a Damagaram ko matar aure a ƙauyen Ɗambatta, wannan bambancin shi ne tsakanin ta ji karatu zuwa ranar rufewa ko ta haƙura tun goman farko. Mu ba kiɗa muke watsawa ba, magana ce da ƙira'a, kuma muryar mutum ba ta buƙatar wannan nauyin. Na yanke shawara za mu fitar da layi biyu, kowanne da nasa tsarin matse sauti: ɗaya MP3 a 64, domin babu wayar da ba ta buɗe shi, ɗaya HE-AAC a 32, wanda aka ƙera musamman don ya yi daɗin ji ko da an rage nauyinsa. Na so Opus, don a ganina ya fi su duka kyau a kan magana, sai dai ba kowace waya ke karɓarsa ba, ni kuma ba na son a bar kowa a baya.

Da hantsi Alhaji ya shigo situdiyo. Shi ne ya kafa tashar, kuma rabin kuɗin tafiyar da ita daga aljihunsa yake fita, saboda haka yana da haƙƙin ya yi tambaya. Ya dubi takardata ya ce, "Injiniya, ni abin da ban gane ba, me ya sa ba za mu sayi kwamfuta mai ƙarfi mu ajiye a nan ba? Ga sola, ga inbata."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wutar ba ita ce babbar matsala ba, layin ne. Intanet ɗin da muke da shi a nan da ƙyar yake ɗaga sauti ɗaya ba tare da ya yanke ba. Mu dai mu tura guda ɗaya zuwa can, ita sabar ta rarraba wa jama'a."

Ya ce to me ya hana mu ɗauki ƙaramar nan mai araha, wadda ake yanka na'ura ɗaya a raba wa mutane. Tambayar tana da ƙarfi, kuma na faɗa masa gaskiya: in watsawa kaɗai za mu yi, ƙaramar ma za ta iya. Abu biyu ne suka sa na karkata ga na'ura sukutum wadda ba mu raba ta da kowa. Na farko taskarmu. Muna da karatuttuka da hirarraki na shekaru a warwatse cikin faifai daban-daban, wasu har sun fara lalacewa, kuma muna son mutane su riƙa sauke su. Wurin ajiya mai yawa a ƙananan sabobi tsada gare shi. Na biyu, akwai wasu tashoshi biyu na 'yan'uwa, irin tamu, da suka nuna sha'awar mu haɗa kuɗi su zauna tare da mu. In haka ta tabbata, abin da kowa zai biya ba zai wuce abin da muke biya bara ba. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya sa albarka. Amma ka rubuta mini komai a takarda, har da abin da zai zama in Yuro ta tashi." Yana da gaskiya. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake biya da kuɗin waje ba a yi masa kasafi da farashin yau kawai.

Inda na fi daɗewa ina juyayi shi ne wace ƙasa. Zuciyata tana Legas. Akwai manyan ɗakunan ajiye sabobi a can irin su Rack Centre, kuma akwai IXPN, mahaɗar da kamfanonin intanet na Najeriya ke musayar zirga-zirga a cikin gida ba tare da ta ƙetare teku ba. Kowa ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya tsuke a ƙasashen Afirka ta Yamma. Ranar irin wannan, sabar da ke cikin gida ita ce mai rai ga mai sauraron gida. Amma da na jera farashi, na Turai ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman wajen faɗin layi. Sannan masu sauraronmu ba a Najeriya kaɗai suke ba, kuma sau da yawa saƙon da ya tashi daga wata ƙasar Afirka zuwa maƙwabciyarta sai ya bi ta Turai kafin ya dawo. Nisan kuma ba ya cutar da rediyo kamar yadda yake cutar da kiran waya. Ko saƙo ya yi jinkirin kashi biyu cikin goma na daƙiƙa, mai sauraro ba zai taɓa sani ba.

Na tsaya tsakanin OVH na Faransa da Hetzner na Jamus, na ƙare a Hetzner, a sashensu na gwanjo inda suke ba da hayar na'urorin da wasu suka yi amfani da su suka bari. Na samu ɗaya a Falkenstein mai faifan ajiya biyu manya da layin gigabit ɗaya, ƙasa da Yuro 50 a wata, babu kuɗin kafawa. Furosesarta tsohon yayi ce, kuma hakan bai dame ni ba ko kaɗan. Kafin Azahar saƙon shiga ya iso.

Na ɗora mata Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wanda za a ci gaba da kula da tsaronsa har 2029, na haɗa faifan biyu ta yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya yana ɗayan. Wannan yana kare mu in faifai guda ya mutu, amma ba ya kare mu in ginin ne ya samu matsala. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH a Strasbourg, kuma waɗanda ba su ajiye kwafi a wani wuri ba sun rasa kayansu. Muryoyin malaman da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya ba abin da za a bar wa wuri ɗaya ba ne. Kwafi ɗaya zai zauna a nan Kano, a faifan da ke cikin durowar Alhaji.

Kafin komai na rufe ƙofofi, wato hanyoyin da ake bi a shiga sabar ta intanet. Na hana shiga da kalmar sirri, sai da makullin SSH, wato fayil ɗin sirri na shiga saba daga nesa, da ke kwamfutata, na kunna katangar tsaro na bar ƙofofin da muke buƙata kaɗai, na sa fail2ban, manhajar da ke toshe duk wanda ya yi ta gwada shiga yana kuskure. Ban gama ba ma na ga baƙin adireshi a rajista suna gwada sa'arsu, na'urori ne masu yawo suna ƙwanƙwasa duk sabuwar sabar da suka gani.

Bayan La'asar aka ɗauke wuta, inbata ta karɓa, na ci gaba. Sai Icecast, manhajar kyauta ta gidauniyar Xiph.Org wadda ita ce ke miƙa wa kowane mai sauraro sautinsa. Fayil ɗin saitinta ɗaya ne, amma akwai wurare da dole a taɓa. Kalmar sirrin da take zuwa da ita "hackme" ce, duk duniya an san ta, wanda ya bar ta haka ya ba kowa damar hawa tasharsa ya faɗi abin da ya ga dama da sunansa. Iyakar masu sauraro da take zuwa da ita ɗari ce, na ɗaga ta. Shi kansa Linux yana taƙaita yawan haɗin da manhaja ɗaya za ta buɗe zuwa 1024 in ba a faɗa masa ba, shi ma na ɗaga. Akwai kuma ɗan guzurin sauti da take tura wa mutum da zarar ya shigo, kimanin kilobait 64, don kada ya jira kuma kada sauti ya riƙa tsinkewa in layinsa ya yi rauni. A layinmu na 32 wannan guzurin ya kai daƙiƙa 16. Na bar shi haka. Gara mutum ya ji karatu a makare da daƙiƙa 16 da ya riƙa jin aya rabi-rabi.

Wannan jinkirin ya tuno mini da wani abu da na rubuta don mai gabatarwa ya riƙa sanarwa kullum: kada kowa ya sha ruwa da kiran sallar da ya ji a tasharmu. Ba jinkirin kaɗai ba, rana tana faɗuwa a Kano kusan minti arba'in kafin ta faɗi a Kumasi. Kowa ya bi ladanin unguwarsu.

Sashen da na fi jin daɗinsa shi ne Liquidsoap, manhajar da ke sarrafa sautin kafin ya isa Icecast. Daga situdiyo manhajar BUTT tana tura sauti ɗaya, Liquidsoap ya karɓa a can Jamus, ya mayar da shi layi biyun nan, na 64 da na 32, ya miƙa wa Icecast. In layinmu na nan ya yanke, ba ya barin tasha ta yi shiru, nan take yake sako karatun da aka riga aka ɗauka, da mun dawo kuma ya mayar da mu kai tsaye. Mai sauraro ba ya faɗuwa daga layi, ba sai ya sake latsawa ba. Na gwada da gangan, na zare wayar rawuta, na'urar da ke ba mu intanet, ina magana a makirufo, cikin 'yan daƙiƙoƙi ƙira'a ta maye gurbina a wayar da ke gefena, na mayar da wayar rawuta muryata ta dawo. Na kira Alhaji ya zo ya gani da idonsa. Ya ce, "Sake yi." Na sake. Ya ce, "Masha Allah, wannan kaɗai ya biya kuɗin."

Bayan Isha'i na sa nginx a gaba, manhajar da ke karɓar masu shigowa ta miƙa su ga Icecast, na karɓi takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt, wadda kyauta ce kuma tana sabunta kanta kafin kwana 90 ɗinta su cika. Dalili biyu ne. Shafinmu yana kan https, wato adireshi mai tsaro, kuma Chrome ba ya son sauti marar tsaro a cikin shafi mai tsaro. Sannan wasu layukan ofisoshi da makarantu suna toshe ƙofa ta 8000 da Icecast ke amfani da ita, amma ba sa toshe ta 443.

Na tura sabon adireshin ga ƙanena da ke karatu a Yamai da wani tsohon mai sauraronmu a Kumasi. Ƙanena ya ce, "Yaya, ya buɗe nan take, kuma ina cikin mota ne, bai yanke ba." Na Kumasi ya ce layin 32 ya fi masa, sai dai muryar ta ɗan yi ƙasa idan aka kwatanta da ƙira'ar da ke shigowa in an yanke. Na saurara, haka ne, matakin sautin biyun bai daidaita ba. Gobe in sha Allahu zan daidaita shi, in fara kwashe taskar zuwa can da daddare lokacin da layi ya fi sauƙi. Tsohon adireshin zai ci gaba da aiki har ƙarshen wata, domin akwai masu sauraro da yawa da wani ne ya sa musu shi a waya, kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya a rukunonin WhatsApp kafin ganin wata.