Wasiƙa daga Minnesota: Dattijon da ya raina sanyi

Jama'ar gida, assalamu alaikum. Ina gaishe ku daga birnin Minneapolis na ƙasar Amurka, da fatan hunturun bana ya zo muku da sauƙi. Mu nan sai addu'a. Ruwan da ka zubar a ƙofar gida, kafin ka juya ya zama dutse.

Sanyin ne ma ya jawo wannan wasiƙa. Rannan da safe na fito cikin riguna uku da hula da safar hannu, ina kwashe dusar ƙanƙara haƙorana na kaɗawa, sai maƙwabcina, wani tsohon Bature, ya tsaya yana min dariya. Ya ce da Bud Grant zai gan ni haka, da ya kore ni daga fili. Na ce wane ne kuma wannan? Ya dube ni kamar wanda ya shiga Kano yana tambayar ina Dala take. A tsaye muka kwashe kusan awa guda.

An haifi Grant a 1927 a garin Superior na jihar Wisconsin. Yana yaro cutar shan-inna ta taɓa shi, likita ya ba da shawarar a bar shi ya riƙa wasanni don ƙafar ta yi ƙwari. Wannan ya tsaya min a rai, don na tuna yaran unguwarmu da cutar ta zaunar, waɗanda iyakarsu a bakin fili kallo. Shi kuwa da ya shiga Jami'ar Minnesota wasa uku ya haɗa: ƙwallon kwando, da besbol, da ƙwallon ƙafar Amurka. Kada sunan ya ruɗe ku, ba irin tamu ba ce. Da hannu ake ɗaukarta a ruga, ana bangazar juna kamar zari-ruga, an sha hular kwano.

Kun san Lakers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta su Kobe Bryant da LeBron James. To, asalinta ta garin nan ce, sunan ma daga yawan tafkunan Minnesota ya samo asali, sai a 1960 ta koma Los Angeles. A wannan ƙungiya ce Grant ya fara cin abinci da wasa, tare da tauraronta George Mikan, suka ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1950. Gaskiya ba tauraro ba ne a can, daga benci yake shigowa. Bayan kaka biyu ya ajiye ƙwallon kwando ya nufi Philadelphia Eagles a NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka. Shekarar farko a baya yake tsaro, ta biyu aka mai da shi mai cafe ƙwallo a gaba. A 1952 ya cafe sau 56, ya ci tazarar yadi 997, shi ne na biyu a duk gasar. Ku dai yi tunanin mai tsaron baya da aka tura gaba, kaka guda ya kusa zama sarkin zura ƙwallo.

Da aka zo maganar albashi ba su daidaita ba, bai tsaya lallashi ba, ya tattara ya tafi Kanada wurin Winnipeg Blue Bombers. Kaka huɗu ya buga, yana ɗan shekara 29 suka ba shi koci, ya ɗauko musu kofin Grey, wato kofin gasar Kanada, sau huɗu. A 1967 ya dawo ya karɓi Minnesota Vikings, ƙungiyar jihar nan a gasar NFL.

Abin da ya fi ɗaure min kai daga nan ya fara. Sau huɗu ya kai Vikings wasan ƙarshe na Super Bowl, a 1970 da 1974 da 1975 da 1977, sau huɗun kuma aka doke shi. Ina roƙonku, wane koci ne a gasarmu ta gida zai yi haka ya kwana a kujerarsa? Tun a na biyu 'yan kallo za su raka shi tasha da jifa. Shi kuwa kaka 18 ya yi, da kansa ya ce ya gaji, kuma har ya rasu a Maris na 2023 yana da shekara 95 mutanen jihar nan ba su daina ji da shi ba. Lokacin yana raye, duk shekara in ya buɗe gwanjon tsofaffin kayansa a ƙofar gidansa a garin Bloomington, su ƙugiyar kamun kifi da kayan farauta, layi ake yi.

Maƙwabcin nawa ya ce a zamanin da Vikings ke wasa a buɗaɗɗen fili, inda yanzu katafariyar kasuwar Mall of America take, Grant ya hana a kawo wa 'yan wasansa na'urar ɗumama jiki a gefen fili. Baƙi na can sun kewaye tasu kamar masu jin ɗumin wuta da asuba, nasa na tsaye ƙyam. A Janairun 2016 kuma, ranar wasa da Seattle, sanyi ya kai digiri 21 ƙasa da sifili, aka gayyace shi wurin jefa kwabon buɗe wasa. Tsoho ɗan shekara 88 ya fito tsakiyar fili da riga mai gajeren hannu.

Da na duba daga baya, ashe ranar ma Vikings kashi ta sha, 10 da 9. Maƙwabcina bai ko ambata ba, shi dai rigar yake ta ba ni labari. Ni kuwa na koma ciki na ƙara ta huɗu.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
wani ɗan'uwa a Minneapolis