Abin da Saƙa 'Yar Mujiya Ya Koya Mini

A cibiyar koyar da sana'o'in mata da nake aiki a Gombe, kasuwar masu saƙa takan bunƙasa ne da shigowar hunturu, lokacin da iyaye ke neman hula da safa da rigar sanyi ta jarirai, sa'annan ta kwanta da zarar zafi ya kunno kai. Ragowar zaren da kan taru bayan wannan lokaci shi ya sa muka fara saƙa ƙananan kayan wasa domin bai wa yara kyauta, kuma siffar da ta fi sauƙi ga mai koyo ita ce ta mujiya, domin jiki ne dunƙulalle guda ɗaya, sai manyan idanu da ɗan baki da fukafukai biyu.

Darasin farko na hannu ne. Hular jariri tana son saƙa mai laushi da sakewa, amma abin da za a cusa wa ciki yana son saƙa matsattsiya, saboda haka ake ɗaukar kwarashi siriri, kamar mai kaurin milimita 2.5 ko 3, ko da zaren zai iya ɗaukar wanda ya fi shi. Ana farawa da ƙulli 6 a zagayen farko, a mayar da su 12, sai 18, sai 24, kuma duk wadda hira ta ɗauke mata hankali ta ɓata ƙirga, mujiyarta za ta fito a karkace. Abin cusawa ma yana da nasa hukunci: audugar gona, wadda ƙasar Gombe ta daɗe da yin suna wajen nomanta, takan dunƙule idan an wanke ta kuma ta jima ba ta bushe ba, shi ya sa muka fi son faibar da ake cusa wa filo, tunda abin wasan yaro ba ya mako guda bai sha ƙasa da miya ba.

Idanu su ne inda na fi tsayawa. Maɓallai biyu masu ƙyalli sun fi komai fito da kyan mujiya, kuma su ne ɗalibai ke fara nema a Babbar Kasuwa. Sai dai yaro ƙarami da bakinsa yake bincika kaya, kuma maɓallin da ya tsinke yana iya shaƙe shi. Wannan ne ya sa dokokin kayan wasa a Turai da Amurka suka hana ƙananan abubuwa masu cirewa a kayan yaran da ba su kai shekara 3 ba. Mu kan saƙa fararen da'irori biyu, mu ɗinke su tsaf, mu yi ƙwayar idon da baƙin zare, mu kuma tura kowane bakin zare can cikin jiki. Kafin abu ya fita daga hannunmu sai an ja kowace gaɓa da ƙarfi, irin jan da ɗan yaye zai yi mata.

Abin da ban taɓa samu a wajen koyon saƙa ba shi ne cewa kyautar yaro sai ta bi ta hannun manya. Wata dattijuwa da aka kai wa jikanta guda ɗaya ta juya ta a tafin hannu, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, duk tsuntsayen Allah ki rasa wanda za ki saƙa wa jikana sai mujiya?" Ba ta yi laifi ba, domin a wajenmu kukan mujiya a kan rufin ɗaki abin tsoro ne ga mutane da yawa, har wanda jama'a suka tsana akan ce an mayar da shi mujiya. Na ce mata, "Hajiya, ai ita ke rage mana ɓeraye a rumbu," ta yi dariya, amma ba ta gamsu ba sai da aka tuna mata hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya kore camfi da tsuntsaye, kuma malamai da dama suka fassara ɗaya daga cikin abubuwan da ya ambata da mujiya. Masu tambaya a kan halaccin surar kanta kuwa, mukan kawo musu cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, mu bar sauran bayani ga malamai.

Yara ba ruwansu da wannan muhawara. Abin da ke burge su shi ne a gaya musu cewa idon mujiya ba ya juyawa a cikin gurbinsa, shi ya sa take juya kanta har digiri 270, kuma ƙasusuwan wuyanta 14 ne alhali na mutum 7. Nan take za ka ga suna murɗa wuyan ta zaren, wanda ya ƙara tabbatar mana da amfanin saƙa kai da jiki a haɗe maimakon a ɗinka su daban.

Yanzu kafin ɗaliba ta ɗauki kwarashi nakan sa ta tambayi shekarun yaron da kuma ra'ayin uwarsa. Idan gidan ba su son mujiya ba ma ja da su. Jikin ɗaya ne, sai a rage girman idanu, a yi shi da zare ruwan ɗorawa, ya zama ɗan tsako.